Ƙafar da Ba Ta Taɓa Ƙasa

Ku da kuke ganin mota ta wuce da kaya har sama kuna cewa ina ma taku ce, ku matso ku ji abin da ya sami Aisami, makaniken bakin tashar Gure.

Aisami ne ya raini ƙanensa Garbai tun rasuwar mahaifinsu. Shi ya koya masa tuƙi, ya sayar da shanun gadonsa ya saya masa tsohuwar kamyo, babbar motar kaya, ya yi sati biyu a ƙarƙashinta yana ɗaura mata ƙarin ƙafa mai tayoyinta, irin wadda ake ɗagawa da iska.

"In babu kaya ka ɗage ta, tayoyi su huta," in ji shi. "In ka yi lodi ka sauke ta. Tana juyawa tare da ƙafafun gaba, ba za ta ci maka taya ba. Tan takwas ta ƙara maka. Takwas na ce, Garbai, ba tara ba."

"Na ji, Yaya."

Ina ya ji! Garbai na jigilar kanwa da wake daga Gidigir zuwa Damagaram, kullum a tsare shi a sikelin hanya, a ci shi tara, a sa ya rage buhuna. Shi kuwa kayan mota biyu yake so a tafiya ɗaya.

Abin da Aisami bai sani ba sai da ta ɓaci, wata Laraba da rana tsaka Garbai ya hau duwatsun bayan Kelle wurin wani boka mai suna Abarshi. Kogo ne mai ƙaramin baki, sai an durƙusa ake shiga. Ciki warin tsohon jini, ƙahoni jere a bango an ɗaure su da jan ƙyalle. A tsakiya an rataye sikelin kasuwa na da, mai tasa biyu. Ɗaya na ɗauke da dutse kamar kan bijimi, ɗaya babu komai, amma wadda babu komai ita ce ta rinjaya har ƙasa.

"Nauyi ba ya ɓacewa, shofer," in ji Abarshi da ya ji bukatarsa. "Sai dai ya sauya mai ɗauka."

"Zan ba da raƙumi duk tafiya."

"Raƙumi dole ake yi masa. Mu mai karɓa da son ransa muke so."

Ya yanka baƙin bunsuru a kan noti guda da Garbai ya kwanto daga ƙafar, ya ɗinke notin cikin wata jakar fata irin ta matafiya.

"Ƙafar nan kada ta sake taɓa ƙasa. In ka dawo daga tafiya kuma, kada ka shiga gida da jakar nan a hannunka. Bari wanda ya tarbe ka ya karɓa."

"Me zai same shi?"

"Kai da kake lodi kake tambayata abin da kaya ke yi wa mai ɗauka?"

Garbai ya san a ƙasarmu ba a barin matafiyi ya shiga gida da kaya a hannu, kuma wanda ya fi ƙaunarka shi ke riga kowa karɓa. Ya sani sarai. Ya miƙa hannu ya karɓi jakar.

To, sai arziki. Kamyo ta ɗauki tan sittin ta hau sikeli, sikeli ya nuna ashirin da biyar. Cikin shekara Garbai ya yi gidan siminti, ya sayi motoci biyu. Aisami har ƙwalla yake yi don murna, yana cewa wahalarsa ba ta tafi a banza ba.

Sai Rahinatu matar Garbai ta fara ciwon wuya. Bayanta ya lanƙwashe, likita bai ga komai ba. Ranar da ta rasu, ƙarti takwas suka kasa ɗaga makararta, ita da ba ta kai nauyin buhun gero ba. Daga ita sai Hajja, mahaifiyarsu, wadda ta koma tarbar ɗanta a zaure. Ba a yi wata huɗu ba hankalinta ya gushe, tana yawo a tsakar gida a duƙe, hannu biyu a ka, tana kuka: "A sauke mini! Ku sauke mini!" Ita ma ta bi.

Bayan sadakar arba'in sai Garbai ya tsiri wata sabuwar ɗabi'a. Duk dawowarsa, gidan Aisami yake fara sauka, da tsaraba niƙi-niƙi. Aisami ya ji daɗi, ya ce mutuwa ta koya wa yaron nan zumunci. Zuhura kuwa, 'yar Aisami tilo mai karatun ungozoma, da ta ji ƙarar mota sai ta fito da gudu: "Baba Garbai, sannu da hanya! Kawo jakar."

Ranar da Aisami ya ga Zuhura na alwala ta kasa miƙewa, hannu a wuya, sai ya tuna da Rahinatu da Hajja. Washegari da hantsi kamyon na tsaye a tasha da lodin kanwa har ya wuce bodi. Ya shiga ƙarƙashinta. Ƙafar da ya ɗaura da hannunsa tana rataye, an liƙe ta da walda. Tayoyinta sababbi fil, ko gashinsu bai kaɗe ba. Ƙarafan da ke riƙe bodi kuma ko lanƙwasa ba su yi ba, kamar motar babu komai. Shekara talatin yana wannan sana'a, ya san ba ƙarfe ke ɗauke da kayan nan ba.

Ya fito ya cafki wuyan rigar Garbai. "Wa ke ɗauke da lodin nan?"

Garbai ya yi ta kame-kame, daga baya ya zayyana komai, har kogon, har jakar.

"Ka binne matarka, ka binne uwarmu, sannan ka nufo gidana? Ni, Garbai? Ni da na goya ka?"

"Yaya, a gidana babu sauran mai tarbata."

Wallahi da wuƙa ya soka masa da ta fi sauƙi. Aisami ya jawo wutar yankan ƙarfe ya koma ƙarƙashin mota, Garbai na jan ƙafarsa yana ihu. Ya yanke waldar, ya mirgino waje. Ƙafar ta sauko ta dira a ƙasa.

Ƙarar har kasuwa aka ji ta. Tayoyi suka fashe bi da bi, kamyo ta karye biyu ta zauna. Garbai kuwa ko buhu ɗaya bai taɓa shi ba, amma ya kife a wurin, ƙashin bayansa ya karye. Sauran motocin ba su ga ƙarshen watan ba. Yau Garbai yana nan bakin tasha yana jan ciki, kuma duk Gure babu mai karɓar ko allura daga hannunsa.

Ku ji tsoron Allah, ku masu haɗama. Kowace mota da abin da aka rubuta mata, kowane bawa da rabonsa. In ka ga ka ɗauki abin da ya fi ƙarfinka ba ka ji nauyi ba, juya ka dubi mutanen gidanka.

Zuhura ta rayu, amma bayanta bai sake miƙewa ba. Har gobe in Aisami ya dawo daga garaji takan lallaɓo zaure a duƙe, ta miƙo hannu ta ce, "Baba, kawo jakar." Shi kuma sai ya rungume jakar a ƙirji, ya wuce ciki yana hawaye.