'Yar Ladan Mai Tsagar Maguzawa

"Kalma ce kawai, Lantana. Ki faɗe ta a gaban liman, a shafa fatiha, an wuce wurin."

Na sauke ƙwaryar furar da ke kaina na dube shi. Iliyasu ke nan, saurayin da na miƙa wa zuciyata ɗungurungum. Yana tsaye a bakin matsar raken ubansa a Kudan, doki na zagaye da injin a bayansa, ƙamshin mazarƙwaila ya cika wurin.

"Wace kalma?"

"Kin sani mana... kalmar shahada."

"Wadda nake faɗa a kowace salla?"

"Ita. To me zai ragu a jikinki don kin ƙara sau ɗaya?"

"Musuluntar da ni za a yi ke nan."

Ya sosa ƙeya, ya kasa haɗa ido da ni.

"Haba sanyin idona. Baba ne ya kafe. Ya ce ki yi wankan shiga Musulunci, ki zauna gidan liman har a ɗaura aure. Kuma..."

"Kuma me?"

"Inna Kande... ya ce kada ta tako gidan biki."

Wallahi da mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi. Na ɗauki ƙwaryata na kama hanyar ƙauyenmu Taba, yana kira ko waiwaye ban yi ba.

Fuskata ce ta jawo duk wannan. Tsaga gare ni daga gefen baki har kunne, irin ta Maguzawa, Hausawan nan da ba sa salla. Duk wanda ya gan ni ya gama yanke hukunci tun kafin in buɗe baki. Alhali ubana Malam Usmanu ne, ladanin Furana ta ƙasar Ikara, kuma a kunnena ya yi kiran salla ranar da na faɗo duniya.

Mahaifiyata Fatsuma mai wabi ce, duk ɗan da ta haifa ba ya kai yaye sai ya koma. Da aka haife ni sai tsofaffi suka ce a ba ni fuskar wani gida, ko mutuwa ta zo nema ta kasa gane ni. Aka kai ni unguwar Maguzawa da ke bayan gari, wanzaminsu ya yi mini tsaga, wata mai jego da ake kira Kande ta ba ni nono. An ce Baba bai so ba, amma ya gaji da haƙa ƙananan kaburbura, sai ya kau da kai.

Ni na rayu. Iyayena kuwa sanƙarau ya kwashe su a rani guda, ina 'yar mitsitsiya. Baba baƙo ne a Furana, ba wani dangi kusa. Inna Kande ta goya ni ta tafi da ni ɗakinta.

Ita ba ta taɓa kai goshi ƙasa ba, amma ita ta kai ni makarantar allo da ƙafarta. Tukunyata daban, naman da ba malami ya yanka ba kuwa ko ƙamshinsa ba ta bari in ji. Da asuba ta dinga dukan ƙafata ke nan.

"Tashi, malalaciya. Ubanki ya tashi gari guda, 'yarsa ce za ta yi ta minshari?"

Da mijinta ya mutu muka dawo Taba wajen ƙaninta, inda ba wanda ya san Baba. Lokacin ana yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, sukarin kanti ya yi wuya, mazarƙwaila ta yi daraja har ana loda ta a jirgin ƙasa. Matsar rake ta cika da 'yan aiki, ni kuma na shiga kai musu fura.

Ranar farko Iliyasu ya ƙi shan furata. Ya dubi fuskata ya janye butarsa daga kusa da ƙafata. Na ce a raina, ji mini ɗan rainin wayo, da ɗan gemunsa kamar na bunsuru.

Bayan 'yan kwanaki ya iske ni a bayan rumfa ina sallar azahar. Ya tsaya sororo har na sallame.

"Dama kina salla?"

"A'a, neman allura nake a ƙasa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ba ni haƙuri. Ranar ya shanye ludayi ya nemi ƙari. Daga nan fa aka fara. Ya rako ni har bakin rafi, ya fere mini rake mai laushi, ya ce Lantanarsa ta fi mazarƙwailar ubansa zaƙi. Ni kuma sakarya in yi ta murmushi har gida.

Na ba shi labarina kaf. Bai tsaya nan ba, ya hau keken wani abokinsa ya tafi Furana, ya sami wani tsoho da ya yi salla a bayan kiran Baba. Ya dawo idonsa da ƙwalla.

"Har kabarinsa aka nuna mini, masoyiyata. Na yi masa addu'a, na ce masa ya kwanta da daɗi, 'yarsa tana hannuna."

Ranar na ji duk duniya ba ni da kamarsa, in ka cire Inna.

Sai ga Gwaggo Adama, yayar ubansa, ta zo ganin yarinya. Ta iske Inna ta dawo daga gona, ɗaurin ƙirji, fartanya a kafaɗa. Na shimfiɗa tabarma ta ƙi zama. Na kawo ruwa a sabuwar ƙwarya ta ce ta ƙoshi. Ta ƙare wa fuskata kallo, ta tattare zanenta kamar mai tsallake kwata, ta fice. Abin da ya biyo baya shi ne maganar da Iliyasu ya tare ni da ita a matsar rake.

Da na isa gida na faɗa jikin Inna ina kuka, na zayyane mata komai. Na zaci za ta zage su tas, don bakinta ba dama. Sai kawai ta shiga shafa kaina.

"Ki je."

"Inna!"

"Na ce ki je. Kina son yaron nan, na gani. Abinci ma ba kya ci in bai zo ba."

"Su ce ke ba za ki zo bikina ba, ni kuma in bi su?"

"Me zan ci a bikin masu salla? Ko giya babu." Ta yi dariya. "Ni dai in ji an ce kina ɗakinki, ya ishe ni."

"Baba fa? In tsaya a ce ban taɓa sanin Allah ba?"

"Yaron ya san ubanki. Tunda shi ya sani, sauran su yi ta haukansu."

Wannan maganar ce ta karya ni. Na ce a raina lallai Iliyasu ya gaya wa ubansa gaskiya, tsohon ne dai mai taurin kai. Zan haɗiye don Iliyasu, shi ma ai haɗiyewa yake don ni.

Ranar da aka sa, da hantsi, Inna ta rako ni da ɗan ƙunshin kayana a kanta. Da muka hango ƙofar gidan liman ta tsaya a gindin wata tsamiya.

"Nan ne iyakata. In an gama ki leƙo in ga fuskarki, sai in juya."

Matar liman ta shigar da ni zaure ta zaunar da ni daga gefe. Ga liman, ga Malam Maiwada uban Iliyasu, ga dattawa sun cika tabarmi. Iliyasu na can kusa da ƙofa cikin farar riga, sai sheƙi yake.

Liman dattijo ne mai sanyin murya. Ya yi salati, sannan ya dubi jama'a.

"Yau ranar farin ciki ce. Wannan yaro Allah ya yi masa baiwa. Ya gaya wa mahaifinsa yadda ya tsinci yarinyar nan a gidan giya da tsafi, ba ta san gabas ba, ya yi ta binta da nasiha har ya koya mata alwala. Ladan wannan sai Allah."

"Madalla da Iliyasu," in ji dattawa. Wani ya miƙo hannu ya dafa kafaɗarsa. Malam Maiwada sai gyara zama yake yana murmushi.

Kunnuwana suka yi ɗum. Na ɗago na dubi Iliyasu, ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa.

Ashe bai taɓa faɗa ba. Ya ga labarin 'yar ladan mai tsaga zai yi wuyar shiga kunne, sai ya ƙera wanda zai sa a yaba masa. Ya shafe ubana, ya maida ɗakin Inna gidan tsafi, ya ɗauki tarbiyyar da matar nan ta yi da guminta ya rataya a wuyansa.

"Yarinya," in ji liman, "ki faɗi abin da zan faɗa."

"Allah gafarta malam, ina da magana."

Matar liman ta taɓa ni, na janye hannuna.

"Ni 'yar Malam Usmanu ce, ladanin Furana. Tsagar nan ta wabi ce, ba ta gado ba. Alwala kuwa tun ban iya ɗaura zane ba nake yin ta, kuma matar da kuka hana shigowa ita ta kai ni inda aka koya mini."

Liman ya juya.

"Iliyasu, ka san da wannan?"

Ban taɓa kiran sunansa gatsau a gaban mutane ba sai ranar.

"Iliyasu, gaya musu. Ka je Furana. Gaya musu kabarin wa ka tsaya a kai."

Ya dubi ubansa. Ya dubi dattijon da ya dafa shi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Allah gafarta malam... ni dai a gidan Kande na gan ta. Ban san wani ladan ba."

"Kun ji ko?" Malam Maiwada ya tafa hannu. "Tun ba a je ko'ina ba ta fara ƙaga wa kanta uba. Ai fuska ba ta ƙarya, ku dube ta mana."

Liman ya ɗaga masa hannu. "A yi a hankali, Malam. Furana ba nisa, ana iya aikawa a tambayo."

"Kada a wahalar da kowa, Allah gafarta malam," na ce. "Wanda ya je ya tambayo ga shi nan zaune."

Na miƙe. Na fice daga zauren.

Ban kai tsamiya ba na ji gudunsa a bayana. Ya sha gabana yana haki.

"Lantana, tsaya, don Allah tsaya. Don mu na yi. Baba ba zai taɓa yarda da zancen wabi ba, na san halinsa. Na ga wannan ce hanyar da zan same ki."

"Ka ce ba ka san ubana ba."

"Bakina ne ya faɗa, zuciyata ta sani. In na canza magana yanzu na zama maƙaryaci a gaban Baba da dattawan gari. Ki rufa mini asiri, abar ƙaunata. In mun shiga ɗaki, ni da ke mun san gaskiya."

"'Ya'yanmu fa? Me za a ce musu game da kakansu?"

Ya kau da kai gefe.

Ina sonsa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Ina kallonsa ina jin kamar ana yankan naman jikina. Da ya matso ya riƙe bakin mayafina saura kaɗan in ce na yafe.

"Koma ciki," na ce. "Ka faɗi sunan ubana a gabansu, ka ce Inna ce ta raine ni a kan salla. Ka fito ka kira ta ta shigo. In ka yi haka, ko yau aka ce a ɗaura na yarda."

"Lantana..."

"Ina nan gindin tsamiya."

Ya saki mayafin. Ya share fuska da hannun riga, ya gyaɗa kai, ya juya ya shiga zauren. Zuciyata ta yi tsalle, na ce zai faɗa, wallahi zai faɗa.

Inna ba ta tambaye ni komai ba, ta ji rabi ta gane sauran. Ta sauke ƙunshin ta zauna kusa da ni, muka zuba wa ƙofar ido.

Dattawa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya saci kallonmu ya kama gabansa. Inuwar tsamiya ta janye daga kanmu, muka matsa muka bi ta. Can sai ga Malam Maiwada, Iliyasu na biye da shi riƙe da buzun ubansa da buta.

Na miƙe tsaye don ya gan ni da kyau.

Ya gan ni. Ya sauke ido kan butar da ke hannunsa, ya bi bayan ubansa suka karya kwana.

Inna ta ɗora ƙunshin a kanta, ta kama hannuna kamar ina ƙaramar yarinya.

"Taho, uwata. Mu je gida."

Na bi ta. Har muka fita gari ina waiwaye, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.