Turaku Masu Jan Fenti

A fadamar mahaifinsa da ke bayan Roni Ukasha ya fara ganinta, ta nutse cikin taɓo har gwiwa tana kafa turaku masu jan fenti. Bahijja ce, ɗalibar jami'a mai binciken yadda za a farfaɗo da fadamun da ke ƙafewa.

"Malama, wannan shukar taki yaushe take tsirowa?"

Ta harare shi, sai kuma dariya ta ƙwace mata. Shi ke nan fa, bawan Allah ya kamu.

"Don Allah ka gaya wa Baba alamar awo ce kawai, sai in zo in gaishe shi," in ji ta.

Ya ce to. Amma ina! Yaya zai buɗe baki ya ambaci budurwa gaban mahaifinsa, Malam Muhammadu Lawal? Kullum sai ya ce gobe, yana can yana ɗaukar mata kwalaben ruwa, tana kiransa Ukashana.

Tsoho ya ga jan fenti, abokan hirarsa na majalisa suka rantse masa gwamnati ce za ta ƙwace wurin. Bai shawarci kowa ba ya sayar wa masu haƙar ƙasa. Kafin wata guda tifofi sun cinye fadamar.

Da maganar aurensu ta taso, tsohon ya ce, "Yarinyar da ta raba ni da gadon kakana? Ba a gidan nan ba."

Saƙonta ya shigo: "Ukashana, na je yau. Rami ne kawai. Bincikena ya mutu, wannan da sauƙi. Baba fa? Ka haƙura da ni kawai."

Zuciyarsa ta karye. Ya je ya durƙusa.

"Baba, tun ranar farko ta aiko ni wurinka in gaya maka turakun alamar awo ce kawai. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Tsohon ya dafe kai.

"Ashe 'yar mutane na ɗora wa laifin gidana. Tashi, kira mini kawunka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure a Kazaure. Da aka kawo amarya gaisuwa, Malam ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Sai dai ki yi haƙuri, 'yata, ba ni da abin da zan bar musu."

Bahijja ta ce amin. Ukasha kuwa ya fashe da kuka.