Ɓawon Gyaɗa a Filin Tsere

Ranar da Raylene Sizemore ta fara ganin Emmett Pruitt, yana tsaye ne yana kokawa da ƙofar motar tsere, yana ja kamar mai jan guga.

"Malam, ka daina wahalar da kanka," ta ce. "A walde take. Ta taga ake shiga."

"Ta taga? Kamar ɓarawo?"

"Kamar direba."

Ya yi dariya har hular kwanon da ke hannunsa ta faɗi. Safiyar Asabar ce a filin tseren Pine Hollow, ranar da ake ba baƙi dama su tuƙa motar tsere zagaye takwas, mai koyarwa na zaune a gefe. Raylene ce mai koyarwar. Mahaifinta, Harlan Sizemore, shi ne babban makanikin filin. Shi kuwa Emmett, 'yar'uwarsa ce ta ba shi tikitin kyauta, ya tuƙo awa biyar daga gonarsu.

Kafin ya shiga, sai ya zaro wata 'yar jakar takarda daga aljihu.

"Bismillah, dafaffiyar gyaɗa ce, ta gonarmu."

Raylene ta waiwaya da sauri ta dubi gareji. Duk wanda ya tashi a filin tsere ya san ba a kawo gyaɗa mai ɓawo layin gyaran motoci, sun ce tana jawo hatsari. A gidansu kuwa abin ya wuce camfi. Shekara tara da suka wuce yayanta Wiley ya rasu a wannan filin, tayar motarsa ta fice yana shan kwana ta uku, kuma a ranar an ga ɓawon gyaɗa a inda aka gyara motarsa.

Ta fizge jakar ta cusa cikin aljihun rigar aikinta kafin Baba ya ɗago daga injin da yake dubawa.

"Kai ma dai! Shiga mota, kada ka ƙara cewa gyaɗa a nan."

Tuƙin nasa kuwa abin tausayi. Motar da take iya gudun mil ɗari da hamsin a awa, ya riƙe ta a saba'in, hannu biyu ƙam a sitiyari.

"Taka totur mana! Tarakta kake tuƙawa?"

"Malama, ita kaɗai na iya. Kuma ba na son in yi ɓarin abin da na ɗauko."

"Me ka ɗauko?"

"Ke."

Allah ya taimake ta hular kwano ta rufe murmushinta. Da yamma ta buɗe jakar a bayan gareji ta ɗanɗana ƙwaya ɗaya, gyaɗarta ta farko a shekara tara. Ta cinye tas. A gindin jakar ya rubuta lambarsa.

Ta tura masa: "Tarakta, gishirin ya yi yawa."

Ya amsa: "Malamata, in kawo wata in gyara kuskurena? Asabar mai zuwa ina nan, ko ta taga ko ta bututun hayaƙi."

Haka aka fara. Asabar bayan Asabar yana zuwa, har ya kai mil ɗari da goma, yana ihu kamar ya ci kofi. Ita ma ta je gonarsu. Mahaifiyarsa, Mama Opal, ta cika ta da soyayyar kaza da burodin masara, ta riƙe hannunta ta ce, "'Yata, na fara ɗinka muku bargo. Ku dai ku yi sauri, idona ba kamar da ba."

Ranar da Emmett ya zo neman izini, ya cire hularsa tun daga bakin gareji.

"Yallabai, na zo ne a kan Raylene."

Baba bai daina goge sifana ba. "Mene ne sana'arka, yaro?"

"Noma, yallabai. Gyaɗa."

Sifanar ta faɗi ƙasa.

"Gyaɗa. Duk mazan ƙasar nan, sai mai gyaɗa! Ga Dax Holloway nan, direba ɗan direba, kullum yana tambayarki. Kai kuma yaro, ɗa ɗaya na binne saboda abin da kake nomawa. Ka fita."

"Baba, camfi ne fa!"

"Je ki faɗa wa kabarin Wiley."

Ba su rabu ba a lokacin. Emmett ya ci gaba da zuwa, yana tsayawa a wajen shinge, yana miƙo mata jakar takarda, ita kuma tana ɓoyewa a aljihu. Sai wata Alhamis Baba ya fita gwada mota, taya ta fashe, ya daki katanga, ƙafarsa ta karye gida biyu. Suna jiran motar asibiti Raylene ta zaro hankici don ta share masa jini, ɓawon gyaɗa ya zubo a kan kwalta, a gaban kowa.

Baba ya kalli ɓawon, ya kalle ta, ya rufe ido.

Ita da take cewa camfi ne, a ranar ta yarda da shi ɗari bisa ɗari. Tsoro ba ya tambayar mutum iyakar karatunsa. A barandar asibiti ta rubuta:

"Emmett, kada ka ƙara zuwa. Saura kaɗan in kashe ubana. Ka yafe min."

Amsarsa ta zo: "Malamata, taya ce ta fashe, ba ke ba. Amma ba zan sa ki zaɓa tsakanina da mahaifinki ba. Ba zan canza lambata ba."

Ba ta amsa ba. Shekara uku ba ta amsa ba. Dax ya yi naci har ya gaji ya auri wata. Raylene ta ci gaba da zama gefen baƙi tana cewa su taka totur, kuma duk wanda ya tsaya a saba'in sai ta tuna Emmett.

Wata Lahadi bayan coci, Baba ya ce ta kai shi kabarin Wiley. Ya daɗe a tsaye, jingine da sanda. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani abu a tafinta. Noti ne na taya, ya yi sumul saboda shafa.

"Biyar ake ɗaurawa," ya ce. "Huɗu na ɗaura a tayar Wiley ranar nan. Ana ta ihu in yi sauri. Sai da na koma gida na same shi a aljihuna."

Raylene ta kalli notin, ba ta gane ba, sannan ta gane.

Baba ya ci gaba: "Da na ji wani ya ce an ga ɓawon gyaɗa, sai na kama maganar hannu biyu. Shekara goma sha biyu ina tsine wa gyaɗa don kada in tsine wa kaina. Tayar da ta fashe da ni kuma, tsohuwa ce, na san da haka na fita da ita."

"Ka sani? Baba, ka ga ɓawon nan ya zubo, ka ga fuskata, ka yi shiru?"

"Na yi shiru, 'yata. Na ci amanar ɗaya, na zo na ci ta biyu."

Ta so ta yi masa ihu. Sai ta ga yadda kafaɗunsa suke rawa, tsoho a gaban kabarin ɗansa. Ta kai shi gida, ta juya kan mota ta kama hanyar awa biyar.

Lokacin cirar gyaɗa ne. Ta hango shi kan tarakta a tsakiyar gona, ya yi furfura kaɗan a gefen kunne. Ya kashe injin, ya daɗe yana kallonta.

"Malamata."

"Tarakta." Ta matso kusa. "Na yi maka laifi. Ba gyaɗa ba ce. Ba ta taɓa zama gyaɗa ba." Ta ba shi labarin notin. "In ka kore ni, ka yi daidai."

"Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Shekarar farko kullum ina fushi. Daga baya sai kewa ta fi ƙarfin fushin."

"Ina Mama Opal? Ina so in roƙe ta gafara."

Emmett ya sunkuyar da kai. "Bara ta rasu. Ta gama bargon kafin nan. Ta ce in ajiye, wai za ki zo."

Raylene ta durƙusa tsakanin kunyoyin gyaɗa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar asibiti. Shi ma ya durƙusa, ya riƙe ta, ƙasa duk ta ɓata musu kaya.

A watan Afrilu aka ɗaura auren, a kan layin da motoci ke tashi a Pine Hollow, makanikai sun yi sahu cikin kwat ɗin da ya matse su. An shimfiɗa bargon Mama Opal a kujerar farko, ba wanda ya zauna a kai.

Fasto na gama addu'a, Baba ya taso da sandarsa, da jakar gyaɗar Emmett a hannu. Ya tsaya a tsakiyar layin gyara, ya zaro gyaɗa ɗaya, ya ɓare, ya ci, ya saki ɓawon a kan kwalta. Tsofaffin direbobi suka ja da baya.

"Ni ne na kashe muku shekara uku," ya ce, "kuma ba ni da inda zan samo su in mayar. Emmett, ɗana, ga ta nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku abin da na hana ku, ninki ba ninki."

"Amin, Baba," in ji Emmett.

Ya miƙa wa surukinsa jakar, sannan ya ɗan ɓata fuska yana taunawa.

"Amma gaskiyarta ce. Gishirin ya yi yawa."

Raylene ta yi dariya da hawaye a fuskarta. Ta waiwaya ta dubi kujerar da ba kowa, sannan ta tattara farar rigarta, mijinta ya riƙe mata hannu, ta shiga motar tseren da ke jiransu ta taga.