Karan Awon Farfela

Ku matso kusa, ku rage murya. Wanda ya san ba zai iya fita bayan gida shi kaɗai ba, ya je tun yanzu ya dawo.

Can arewa, inda kwalta take ƙarewa yashi ya karɓa, an yi wata mata ana ce mata Tabawa. Mijinta ya rasu ya bar mata abu biyu: ɗa guda, Ilu, da mota guda, a-kori-kura mai ja da taya huɗu. Ilu ke tuƙi, ita tana gefensa, buhunan kanwa a baya. Ba ta yi boko ba. Amma duk kasuwannin yankin babu wanda ya taɓa sayar mata da abu a yadda ya fara faɗa. In ta taya ka ƙi, sai ta gyara mayafi ta juya. Ba ta taku bakwai sai an kira ta.

Manyan motoci sun zurfafa hanyarsu, har cikin motar yana gugar yashi. Suka kai ta garejin Barmo bakanike. Aka ƙara mata sifirin, ƙarafan da ke ɗauke da jikinta, aka sa manyan tayoyi. Mota ta miƙe, ta yi tsayi, sai Tabawa ta taka dutse kafin ta hau.

Barmo ya fito daga ƙarƙashi yana goge hannu.

"Hajiya, saura abu ɗaya."

"Ban je Makka ba tukuna. Faɗi."

"Farfela. Dogon ƙarfen nan da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Kin ɗaga mota, tsakani ya ƙaru, ita kuwa tsayinta na da ne. Ɗan abin da take riƙe da shi bai fi yatsa biyu ba. A nemo doguwa. A auna da kaya a kan motar. Duk dawowa daga yashi kuma a ba kuros ɗinta, wato mahaɗinta, giris."

"Giris dai tana sha. Ta ma fi ni shafa mai."

"Giris ba ya ƙara tsayi, Inna Tabawa."

Ta je wurin mai kayan gyara. Ya faɗi nasa, ta taya rabi. Ya ce albarka. Ta gyara mayafi, ta juya. Taku bakwai. Taku goma. Taku ashirin. Ba wanda ya kira ta. Komawa kuwa ba ta cikin halinta.

"Shekara goma ƙarfen nan yana aiki," ta ce wa Ilu. "Ba yau zai gajarce ba."

A tafiya ta uku ne, da hantsi. Sun yi nisa, babu gari gaba, babu gari baya. Motar ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafafunsu.

"Inna, kin ji?"

"Na ji. Tuƙa."

Suka faɗa wani kwari, bayan motar ya yi sama. Farfela ta zare daga bakin giya, ta soki ƙasa, ta lanƙwashe kamar lauje. Ilu ya gwada ja da tayoyin gaba. Rami kawai suka haƙa wa kansu. Ya sa jak, jak ya nutse cikin yashi, taya ta danne masa idon sawu. Da ƙyar ta janye shi. Ƙafar ta kumbura nan take, ba ta takuwa.

Waya babu sabis. Ruwa rabin jarka.

"Akwai ƙauye a gabas," in ji Ilu, yana cije leɓe. "Tafiyar awa uku. An ce akwai mai tsofaffin ƙarafa. Ki samo doguwa, ki hau raƙumi ki dawo."

"In ce masa mai tsayin me? Ni na san lamba ne?"

Babu abin awo a motar. Akwai dai wata tsohuwar gona a gefe, da karan gero a zube. Ta ɗauko ɗaya miƙaƙƙe. Ilu ya ja jiki ya shiga ƙarƙashi, ya kwanta rigingine. Ya sa kai ɗaya a bakin giya, ɗaya a bakin aksil, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ya karya ragowar.

"Ga awon. Kada ta gaza, kada ta ɗara."

To kun san abin da ake aunawa da kara a wurinmu. Gawa ake aunawa, a ba mutum ya kai wa masu haƙan kabari. Zafi da ciwo suka hana su tunawa, ita da shi. Ta bar masa jarkar, ta saɓa karan a kafaɗa, ta kama gabas ita kaɗai.

Rana ta take tsaka. Inuwarta ta shige ƙarƙashin ƙafarta. Ba iska, ba tsuntsu.

Sai ga wata aduwa guda, tsaye a fili. A gindinta wani dattijo zaune, farar riga, farar hula. Gabansa tabarma, an jera ƙarafan mota. Tabawa ta ji daɗi, ta ɗauka ta iso da wuri. Ba ta tambayi kanta ina gidajen ƙauyen suke ba.

Ta yi sallama. Ya amsa. Bakinsa ya motsa, amma muryar daga ƙasa ta taso, ta tafin ƙafarta.

"Sannu da haƙuri, baiwar Allah. Ashe an yi rashi."

"Wane rashi? Mota ce ta lalace."

"Ga kara a hannunki."

"Awon ƙarfe ne."

"Mu tun daga nesa muka hango awo. Mun haƙa."

Ya nuna bayansa da haɓa. Rami ne, sabo, gefensa a gyare. Ƙasar da aka fitar tana da danshi, a wurin da rabonsa da ruwa wata takwas. Babu fatanya, babu shebur. Babu sawun kowa a yashin, sai nata.

Ta dubi ƙafafunsa. Suna binne cikin yashi har idon sawu. Ya miƙe ya matso, yashin bai motsa ba.

Tabawa ta karanta Fatiha. Ta karanta Ƙulhuwallahu da sauran abin da ta iya, ba su da yawa. Ya tsaya ya jira ta da ladabi har ta gama.

"Amin," ya ce. "Kawo karan."

Ba ta miƙa ba, hannunta ne ya miƙa. Ya shimfiɗa karan cikin ramin. Ya zauna daidai, kai da kai.

"Wa ya kwanta kusa da shi lokacin da aka karya?"

Tana ganinsa a ranta: Ilu rigingine, karan a samansa, daga diddige har tsakar kai.

"Ɗana ba ya ciwon mutuwa. Ƙafa ce kawai."

"Ba mu muke kashewa ba. Mu dai an kawo awo, mun haƙa. Kuma ba mu barin rami a buɗe ya wuce la'asar."

"Ku mayar da ƙasarku."

"Ba a mayarwa a kan wofi."

Ta gyara mayafi, ta juya. Abin da ta iya ke nan. Ta yi tafiya har ƙafafunta suka yi zafi, ba ta waiwaya ba. Ta ɗaga kai. Aduwar tana gabanta, da tabarmar, da dattijon. Ta sake juyawa ta nufi yamma. Aduwar dai. Inuwar itacen ta fara ja zuwa gabas.

Ta durƙusa. Ita da ba ta taɓa durƙusa wa kowa a kasuwa ba.

"Baba, akwai kanwa buhu talatin."

"Kanwa ba ta da tsayi."

"Ina da akuya bakwai a gida."

"Gajeru ne."

"To ni. Ga ni."

Bai yi musu ba. Ya ciro karan, ya tsayar da shi a jikinta. Sanyinsa ya ratsa ta. Ya sa yatsu a saman kanta yana duba ragowar.

"Kin gaza da yatsa huɗu."

Ta yi ɗage.

"Sauke diddige, 'yar nan."

Ta sauke. Ta zauna a yashi, hannu biyu a kai. Hawaye ma bai zo ba, babu ruwan da zai zo da shi. Ta tuna ƙarfen da ya lanƙwashe a ƙarƙashin motar, ta ce ko shi za ta jawo ta jefa. Sai ta tuna ai gajartarsa ce ta kawo su nan.

Idonta ya sauka kan tabarmar. Can ƙarshe akwai farfela guda, doguwa, baƙa. Kuros ɗinta na sheƙi da sabon giris. A tsakiyar wannan yashi, ko ƙwaya ɗaya ba ta manne a jiki ba.

Ta rarrafa, ta ɗora karan a kanta. Daidai. Ba ta gaza ba, ba ta ɗara ba.

"Kin yi ido," in ji dattijon. "Ta motarki ce. In kin ɗaura ta, shekara ashirin ba za ki ji ko rawa ba."

"Ramin fa?"

"Zai samu nasa."

"In na sa ta cikin ramin fa?"

Ya dube ta. Idonsa ba ya ƙiftawa.

"Ta kai awo. Amma sai ta zama taki. Ba a binne kayan aro."

"Me za ka karɓa?"

"Motar."

Motar mijinta. Abincinsu, suturarsu, da ita za a yi wa Ilu aure. Tayi ya taso mata har maƙogwaro, saboda sabo: rabin kanwa, tayoyi biyu, a bar mata inji. Ta dubi inuwar aduwar. Ta kusa taɓa bakin ramin.

"Na saya," ta ce.

Ƙarfen ya yi nauyin mutum, da sanyi kamar an ciro shi daga rijiya. Dattijon bai taya ta ba. Ta cire mayafinta ta naɗe shi, ta ja shi a ƙasa, ta zura shi a hankali. Ta ɗora karan a sama. Da hannu ta mayar da ƙasar, har farcenta ya tsage. Duk lokacin tana jin numfashin dattijon a ƙarƙashin gwiwoyinta.

Da ta ɗaga kai, babu tabarma, babu dattijo. Aduwa ce kawai, da tudun ƙasa.

Ta bi sawunta da gudu, kai ba mayafi. Ta faɗi sau uku.

Daga nesa ta hango buhunan kanwa, an jere su tsaf kamar a rumfa. Motar babu. Sawun taya ya zo har kwarin, bai fita ba. Ilu na kwance a inuwar buhunan, idonsa rufe, jarka a gefensa.

Ta tsaya. Ta kasa ƙarasawa.

"Ilu."

Ta ƙara ɗaga murya.

"Ilu, ɗan nan."

Ya buɗe ido.

"Inna, kin samo?"

"Na samo."

"Tana ina?" Ya waiga. "Ina motar?"

"Sha ruwa."

Ya ce barci ne ya ɗauke shi, mai nauyi. Yana jin ana zuba masa ƙasa a ƙirji, kaɗan-kaɗan. Sai kuma aka daina.

Kwana biyu suka yi a wurin, suna jiƙa leɓe da murfin jarka, kafin wasu masu raƙuma su tsince su. Ilu ya warke, amma da ɗingishi. Tabawa ta koma sayar da kanwa a faifai, a bakin kasuwa. Masu tambaya ina motar, ta ce ta sayar. Su ce ya ciniki ya kaya, ta ce ba ruwansu.

Direbobin hanyar kuwa suna faɗa a hankali, in an matsa musu. Wani lokaci da tsakar rana sukan hango wata a-kori-kura doguwa a kan tudun yashi, tana tafiya ba ƙara, ba ƙura. Wani ya taɓa tsayawa ya leƙa ƙarƙashinta tana wucewa. Ya ce tsakanin giya da tayoyin baya babu komai, haske ne kawai. Tun ranar bai sake bin hanyar ba.

Saboda haka ku ji ni da kyau. In kun ɗaga mota, ku saya mata ƙarfenta a gari, a gaban mutane. In kuma ta kama ku a daji, ku auna da igiya, ku auna da rawani, ku auna da taƙi. Kada wanda ya karya kara. Kuma kada wanda ya ratsa wannan yashi shi kaɗai da rana tsaka, da awo a kafaɗarsa. Suna hangowa daga nesa, kuma ba su da nawa wajen haƙa.

Ku tashi ku kwanta.