Durom a Bayan Rumbu

Cin amana miki ne, kuma mai yinsa shi yake fara ruɓewa.

A Kiyawa, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, Malam Saifuddeen, malamin aikin gona, ya shigo caji ofis riga a yage.

"Yallaɓai, matasa sun fasa mini duromomi, wai giya nake dafawa!"

Sufeto Ashafa ya ce, "To me kake dafawa?"

"Mai. Wani jan yis nake kiwo, dangin wanda ke kumbura burodi. Ina ba shi ruwan dafaffen ɓawon rake, ana juyawa ya sha iska ya yi ƙiba, sai mu tatse mai. Irinsa yana kwalba cikin randa. An ɗauke."

Sufeto ya je ya duba. Komai a farfashe, randar kuwa lafiya lau, da murfinta. Mai fushi ba ya mayar da murfi.

"Wa ya san da kwalbar?"

"Aminina Arzika kaɗai. Akushi ɗaya muke ci, Yallaɓai, cire shi."

Da Sufeto ya tambaye shi, Arzika ya dafa ƙirji. "Ranka ya daɗe, ni da nake Dutse ranar? Har kuka na yi masa!"

Amma a tasha, Iya Larai mai rake ta taɓe baki. "Dutsen ina? Shi ya tara yaran nan bayan Azahar. Kullum kuma sai ya kwashe mini ɓawo, mutumin da ko akuya ba shi da ita. Ko shi yake tuƙa?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sufeto ya tasa Arzika da Malam zuwa gidan Arzikan. A bayan rumbu suka tarar da durom an ɗaure bakinsa tam da buhu da roba. Ana kwancewa, warin barasa ya buge su.

Malam ya leƙa. "Ka toshe shi, ka hana shi iska. Yis ɗin ya mutu, Arzika. Yanzu kam giya ce."

Arzika ya durƙusa. "Wani ɗan kasuwa a Kano ya ce zai buɗe mini masana'anta, in ni kaɗai ke da irin."

"Da ka roƙa, da na tsiyaya maka."

Wani kofur da ya rako su ya sa wa Arzika ankwa.

Malam ya wanku a idon gari. Arzika kuwa masana'anta ba ta samu ba, yis ya mutu, amini ya tafi, ga tuhumar sata, ga ta giya.