Muryar Inna Hawa a Bayan Farin Ƙyalle

Motar majigi ta iso Gangara ranar kasuwa, a kakar 1965. Raishatu ce ta kai wa mutanen motar fura. Biyu suka karɓa suka sha. Na ukun, wani siririn saurayi mai suna Manzo, ya riƙe ludayi yana kallonta.

"Ba ka sha ne?" ta tambaya.

"Ina sha. Sake faɗin kuɗin furar."

"Na faɗa maka."

"Na ji kuɗin. Muryar nake son sake ji."

Ta karɓe ƙwaryarta ta tafi. Sai da ta kai bakin kasuwa ta waiwayo.

Aikin Manzo murya ne. Majigin da suke yawo da shi a Damargu zane ne mai motsi: tsohon manomi mai dogon gemu, matarsa, jakinsu, da ɓeran da ke cin iri. An zana shi don koya wa manoma gauraya iri da magani kafin shuka, kuma an aiko shi ba sauti. Manzo ke tsayawa bayan farin ƙyalle da amsa-kuwwa, yana yi wa kowa magana, har jakin.

Ba ya ƙirƙirar muryoyin. A kasuwa yake tsintarsu. Yana da ƙa'ida guda: muryar da ya ɗauka a Tarka sai a Tanut zai yi amfani da ita, ta Tanut kuma sai a Balbeji. Ba ya mayar wa gari muryarsa.

Da la'asar ya wuce wata rumfa, ya ji wani dattijo da matarsa suna gardama a kan farashin gero. Dattijon ya yi gyaran murya sau biyu ya ce, "A'aha. Ban yarda ba tukuna." Matar ta tura masa ƙwarya ta ce, "To, Malam, sai ka yarda gobe. Yau dai ka ci."

Bayan magariba aka kunna majigi. Ta gefen ƙyalle Manzo ya hango Raishatu cikin mata, fuskarta ba walwala. Ya so ya ga dariyarta. Tsohon da ke cikin zanen ya kau da kai daga maganin iri, Manzo ya yi gyaran murya sau biyu.

Fili ya yi tsit, sannan ya fashe da dariya. Da matar zanen ta ba da amsa, wasu maza suka kwanta a ƙasa. Mace guda ta fi kowa dariya, har tana share hawaye da bakin gyale. Dattijo guda ya tashi ya naɗe buzunsa ya fita.

Da safe Raishatu ta zo wurin motar ba fura.

"Ka san muryar wa ka sa wa tsohon nan?"

"Wani dattijo ne a kasuwa."

"Malam Audi ne. Babana. Matar kuma Inna Hawa, ita ta haife ni."

Manzo ya zauna a kan akwatin majigi.

"Inna ta ce a gaishe ka," in ji ta. "Ta ce ka fi ta iya muryarta. Baba bai ci abinci ba."

"Ke fa?"

"Na yi dariya. Shi ya sa nake jin haushinka."

Raishatu ta yi karatun manya, tana rubuta boko. Direban wata motar gyaɗa da ke bin hanyar Damagaram ne ke kai musu wasiƙu. Ta farko daga Manzo ta zo.

"Raisha, sanyin idona. Ina da muryoyi sun fi talatin, na rasa wadda zan ba babanki haƙuri da ita. Taki ce kaɗai ban taɓa kwaikwaya ba, kuma ba zan yi ba. Manzo."

Ta amsa:

"Mai Murya Tara. Ka yi magana da taka, ita ce ban cika ji ba. A nan an daina kiran Baba da sunansa, sai Ban-yarda-ba-tukuna. Ya daina zama a kasuwa. Raisha."

Da rani kawun Manzo ya zo daga Damagaram da goro. Malam Audi ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka yanka masa zabo. Da aka zo kan magana ya ture goron a hankali.

"Ba na yi wa 'yata dole, ta sani. Amma ba zan ba da ita ga mutumin da ya shiga bakina ba sallama ba. Shekara sittin ina magana a garin nan. Yanzu in na buɗe baki a gaban mutane, sai in ga suna danne dariya."

Kawun ya lura cewa tun farkon zaman har ƙarshe dattijon bai yi gyaran murya ba ko sau ɗaya. Ya hana kansa.

Inna Hawa ta raka baƙon zaure. "Ku bar shi," ta ce. "Haka ya yi da rediyo, yanzu shi ke kwana da ita."

A 1966 aka ɗauki muryar Manzo a faifai aka haɗa da zanen, aka kai wata gasa a Yamai. Majigin ya ci lambar yabo. Waɗanda suka halarta sun ce alƙalan ba sa jin Hausa sosai, amma sun yi dariya a daidai wuraren da Gangara ta yi, kuma sun yi shiru a wurin da matar zanen ke kallon rumbu fanko. A takardar yabo an rubuta sunan mai zane da na shugaban tawagar motar, Mushe Sule, wato Malam Sule da Faransanci. Ba a rubuta wanda ya yi muryoyi huɗu shi kaɗai ba. Babu gurbin hakan a takardar.

Sule ya dawo da lambar a aljihu. Shi ma ya sha furar Raishatu a ranar farko, bai manta ba. Ya je Gangara ya nuna wa Malam Audi lambar, ya ce shi ma'aikacin biro ne, mai zaman ofis, ba mai kukan jaki ba. Labari ya kai wa Manzo cewa an karɓi goron Sule. Bai bincika ba. Ya daina rubutu.

Bayan wata uku wasiƙa ta same shi a Tanut.

"Mai Murya Tara. An ce maka an karɓi goro, ka yarda nan take. Gara Baba, shi sai ya ce tukuna. Na tambayi Mushe Sule ya yi mini muryar ɓera ko sau ɗaya tunda lambar tasa ce. Ya ji haushi ya tafi. Inna ba ta da lafiya, wuyanta ya sanƙare. Raisha."

Kafin amsarsa ta isa, Inna Hawa ta rasu. Bazarar 1967 ce, kwana huɗu ta yi tana jinya. Manzo ya je gaisuwa ranar bakwai. Malam Audi ya amsa masa kamar yadda ya amsa wa kowa, bai ɗago ba. Raishatu ta fito da ruwa ta ajiye a gabansa. Ta koma ciki.

Da kaka motar ta sake zuwa Gangara da majigin nan marar sauti. Manzo ya shirya wa tsohon muryar wani mahauci na Balbeji, matar kuma ta wata mai nono ta Tarka. Yana ɗaura ƙyalle da la'asar sai ya ji sallama a bayansa. Malam Audi ne, ya rame, buzunsa a hammata.

Manzo ya durƙusa. "Baba, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya." Dattijon ya dubi ƙyallen. "Har yanzu tana bakinka?"

"Baba, na canza muryoyin. Wallahi ba wanda zai ji..."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"Tana nan."

"Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Fuskarta ina ganinta a Raishatu. Muryar ce ta fara guje mini. Jiya na neme ta har na gama alwala, ban same ta ba."

Ya shimfiɗa buzun a inuwar mota, ya zauna, ya juya wa Manzo baya.

"Ba da amsa-kuwwa ba," ya ce.

Manzo ya matso bayansa. Malam Audi ya yi gyaran murya sau biyu, karo na farko cikin shekara biyu.

"A'aha," ya ce wa filin da ke gabansa. "Ban yarda ba tukuna."

"To, Malam, sai ka yarda gobe. Yau dai ka ci."

Manzo ne ya amsa da muryar Inna Hawa, bai ƙara mata komai ba. Bai ja ta don dariya ba. Har ɗan numfashin da take saki kafin ta ce "yau" ya sa a wurinsa.

Kafaɗun dattijon suka motsa. Ba wanda ya ga fuskarsa. Da aka kira magariba ya tashi ya naɗe buzun.

"Ta ce gobe," in ji shi. "Ka aika wa kawunka."

An ɗaura aure bayan an gama sussukar gero. Taro bai yi yawa ba, gidan bai gama fita daga makoki ba. Da za a kai amarya, Malam Audi ya dafa kanta, ya dubi Manzo.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka. Allah ya sa ku daɗe kuna gardama. Wadda ba ta ga yau ba, Allah ya jiƙanta."

Aka shafa.

Da suka kaɗaita, Manzo ya ce, "Raisha, in wata rana kina son ki ji ta..."

"A'a. Wannan ta Baba ce, ka ajiye masa." Ta janye lulluɓinta. "Ni yi mini magana da taka."