Tsohuwar da Ke Cika Injin Sulemanu

Rana ta yi ja a bayan gonakin audugar Funtuwa, Hansai na kwashe tuwo, sai tsakuwa ta faɗo cikin tukunyar miya. Ta biyu ta sauka a kan rufin kwano. Can bayan katanga, a ɗakin sanyi na ofishin aikin gona, kwamfuta ta soma kuka.

Mijinta Sulemanu ya ajiye loma. Shi ke kula da injin, gidan ma na ofis ne. Faifan injin a rabe yake ɗaki-ɗaki, kuma ɗakin tushe, inda injin ke ajiye abin da yake tashi da shi, kullum magariba sai ya cika maƙil, aikin kowa ya tsaya cak. Ya share tarkace, ya kwashe tsofaffin rahotanni, washegari ya tarar da wani abu marar suna ya kumbura a wurin. Manaja ya fara yi masa kallon gefen ido. Ya ce in injin ya sake tsayawa kafin rabon taki, Sulemanu ya nemi wani aikin da wani gidan.

Sulemanu kuwa mai gadi yake zargi. Mai gadi na zargin masinja.

A wannan magaribar 'yarsu Shafa'atu ta saki buta, ta sandare. Murya ta fito daga bakinta, a dakushe, ta tsohuwa tukuf.

“Ɓarawo.”

Hansai ta ɗauki muciya, don yarinyar babu wanda ba ta kwaikwaya, har tarin manaja. “Ke, ba na son iya shege!”

Idanun ba su ƙifta ba. Muciya ta faɗi.

Aka ɗauko Malam Abdussamad daga Ƙarfi. Ya yi hayaƙi, ya daɗe yana karatu, gidan tsit sai kukan injin.

“Wace ce ke?”

“Mai rumbun Maitama, wanda kuka rushe kuka gina ɗakin sanyi. Tun kakanninsa ni ke cika shi. Na ga wuri wayam a cikin ƙarfenku, na ci gaba da aikina. Kullum na tara, wannan mai siririn wuyan ya yashe.”

Sulemanu ya shafa wuyansa. “Baba, in kin cika nan, injin ba ya numfashi. Korata za a yi.”

“To in tafi da yarinyar.”

Malam ya tsawata. “Ba ki da haƙƙi a kanta! In an ba ki wuri naki, za ki sake ta?”

“Wanda ba mai sa hannu?”

“Ba mai sa hannu.”

“Shi ya rantse. Ban yarda da idonsa ba.”

Sulemanu ya rantse. Ya tsallaka ofis, ya yanka wani ɗaki daban a gefen faifan, nesa da tushe, ya mayar da abin nan marar suna ciki. Kukan injin ya ɗauke. Shafa'atu ta yi atishawa, ta ce yunwa take ji.

Aka raba taki lafiya. Ɗakin nan kullum a cike yake, Sulemanu bai taɓa leƙawa ba.

Hansai ce dai zuciyarta ba ta kwanta ba, tana zargin ko kwaikwayo yarinyar ta yi. Wata rana ta ritsa 'yarta a madafi. “Yi mini muryar tsohuwar nan in ji.”

Shafa'atu ta gyara murya, ta gwada, ta sake gwadawa. Tarin manaja kawai ya fito.

Sai a lokacin Hansai ta ji tsoro na gaske.